Kontar a Bangon Takwara

Unguwarmu ba ta da sunayen tituna, gidajenta ba su da lamba. In za a turo mana baƙo, kwatance ake yi masa: ya bar kwalta a hanyar Jiratawa, ya wuce injin niƙa, ya karya hagu, sannan ya tambayi duk wanda ya tarar a inuwa. Da haka ake kawo mana goron biki, da haka ake kawo mana labarin rasuwa. Ban taɓa jin wanda ya ɓace ba, sai ma'aikatan kamfanin wuta.

Maigidana tela ne, shagonsa yana Sabon Gari. Mun daɗe muna haya a can cikin Maraɗi, ɗaki biyu da kuran ɗinsu, wato wutar lantarki, har muka aurar da 'ya'yanmu mata biyu. Bayan nan Allah ya ba shi fili a bakin gari ya gina, muka tashi daga haske muka koma gidan kanmu da fitilar hannu. Ba na faɗin sunansa. Ban faɗa ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Malam nake ce masa. Maƙwabcinmu na jikin katanga kuwa sunansu ɗaya, har sunan uba ya zo ɗaya, saboda haka shi ma sunansa ya fi ƙarfin bakina. Suna kiran juna Takwara. Mutanen unguwa in sun ambaci sunan, sai a tambaye su, “Mai ɗinki ko mai lambu?”

Mai lambun ya girmi Malam da kamar shekara goma. Zogale da tumatir yake nomawa a Jiratawa, da safe ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi, sai yamma. Ɗansa namiji ɗaya ne, ya tafi Libiya neman kuɗi tun kafin mu tare a unguwar. Ya kira sau biyu a shekarar farko, daga nan shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. A gidan ba a ambatonsa, amma matar Takwara, wadda nake ce wa Yaya, ba ta taɓa barin wayarta ta mutu ba. Kowace safiya sai ta kai ta wurin mai caji a bakin kwalta, ta zauna ta jira.

Da aka zo aka kafa turakun wuta a layinmu, Malam ne na farko da ya kai dosiye, wato takardun neman wuta, biro, ofishin kamfanin. Sun nemi hoto da takardar fili da katin ɗan ƙasa, sannan suka ce ya zana musu kwatancen gidan, tunda babu lamba. Wuni guda ya yi a kan zanen nan, da rular da yake yankan yadi. Ya zana kwalta, ya zana injin niƙa har da hayaƙinsa, ya ja kibiya zuwa gidanmu, ya sa na rubuta masa a ƙasa da hannuna, don ni na yi lakwal, wato boko, har aji shida, rubutuna ya fi nasa kyau: ƙofar langa-langa shuɗiya. A lokacin duk layin mu kaɗai ne masu shuɗiyar ƙofa. Ya biya duk abin da aka ce ya biya. Suka ce ya je gida, za a zo.

Malam mutum ne da ba ya son baƙo ya same shi bai shirya ba. Cikin sati biyu ya kawo mai haɗa waya, aka bi gidan ɗaki-ɗaki. Ampul, wato ƙwan fitila, a kowane ɗaki, ampul a tsakar gida, ampul har a makewayi. Ya sayo fanka ta sama aka rataye mana a kan gado. Ya sayo ƙaramin tsani sabo ya jingine a zaure, wai kada ma'aikata su zo su ce ba su da abin hawa bango. Ya share wuri a jikin katanga inda za a kafa kontar, wato mitar wuta, ya shafe shi da siminti sumul, ya hana kowa jingina a wurin.

Bazara uku muka yi muna kwana a ƙarƙashin fankar nan, tana kallonmu muna fifita da mafici. Gizo-gizo ya yi saƙa a fukafukanta, ina hawa tsanin ma'aikata ina sharewa. Kowane wata Malam yana zuwa biro ya tambaya. Har mai gadin wurin ya saba da shi, in ya hango shi sai ya shiga ya ɗauko wandon da ke buƙatar ragewa.

A shekara ta uku ne aka gaya masa an kusa, sunansa ya hau sama. Ya dawo gida ya tsaya a waje yana kallon ƙofarmu, ya daɗe. Da ya shigo ya ce, “Ke, gidan da za a sa wa kuran bai kamata a shiga ta langa-langa ba.” Ya sa maƙeri ya yi masa ƙofar ƙarfe, aka shafa mata jan fenti, in ka buɗe tana ƙara kamar ta banki. Tsohuwar kuwa, ba a jefar da ƙofa mai sauran rai. Ta Takwara ta zana ce, awaki sun cinye gindinta. Malam ya ɗauki shuɗiyar da kansa ya kai masa, ya taya shi kafawa. Babu wanda ya tuna da zanen da ke kwance a biro. Ni da na rubuta da hannuna ma ban tuna ba.

Ranar da abin ya faru, Malam ya tafi Tsibiri sunan jikan ƙanensa, Takwara kuma bai je lambu ba saboda babur ya ƙi tashi. Ina tsakar gida ina surfe da hantsi, sai ga Yaya ta shigo da sauri.

“Ƙanwata, ara mana tsanin nan. Baƙi ne da mota, nasu dogo ne, ƙarami suke so.”

Na ce, “Lafiya dai?”

“Oho, da mai gidan suke magana.”

Na ba ta. Baƙon maƙwabci baƙonka ne, don haka na dama fura da nono a babbar ƙwarya na miƙa ta kan katanga. Na ji ana buga guduma a bango, na ce ko rumfa Takwara yake gyarawa. Sai da azahar ta gabato na ji guɗa, irin wadda ake yi in an haihu.

Daga baya Yaya ta ba ni labarin yadda aka yi. Mutanen sun bar kwalta, sun wuce injin niƙa, sun karya hagu, sun ga shuɗiyar ƙofa. Suka yi sallama suka kira suna, Takwara ya amsa. Suka kira sunan uba, ya ce shi ne. Suka ce sun kawo kontar. Ya ce shi bai nema ba, ba shi kuma da abin biya. Babbansu ya duba takarda ya ce an riga an biya komai tun tuni. Takwara ya ce wa ya biya? Ya ce su dai takarda suka gani. Yaya tana laɓe a bayan ƙofa tana ji. A nan ta saki abin da ke hannunta ta ce, “Shi ne. Wallahi shi ne.” Takwara ya dangwala yatsa a takarda.

Malam ya sauka daga kabu-kabu bayan la'asar ya tarar da layin a cike. Waya ta taso daga turke, ta tsallake jar ƙofarsa, ta sauka a kan shuɗiyar. Ni ina leƙe ta kafar ƙofa, na ga ya tsaya da ƙunshin naman suna a hannu, yana bin wayar da ido daga sama har ƙasa. Na ga ya gane. Ya taka zai yi magana, sai Takwara ya ratso mutane ya rungume shi, dattijo da furfura yana kuka kamar yaro.

“Takwara, yaron nan yana da rai! Yana da rai! Ya tuna gidan ubansa ba wuta!”

Bakin Malam a buɗe yake, maganar tana ciki. Ya haɗiye ta. Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Aka miƙo masa goro ya karɓa.

Da ya shigo ya zauna a bakin gado ƙarƙashin fankarsa, bai cire hula ba. Na kawo ruwa na ajiye. Can ya hangi tsanin da aka maido, da sawun takalma a matakansa.

“Tsanina suka hau?”

“Shi suka hau.”

“Ke kika ba su?”

“Har fura na dama musu, Malam.”

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya kwanta a gadon yana riƙe ciki, hawaye yana bin kunnensa. Ni ban san ko in taya shi ba. Da ya natsu ya ce gobe zai je biro, su suka ɓata, su za su gyara.

Kafin ya fita da safe Takwara ya yi sallama. Ashe ma'aikatan kontar kawai suka kafa da babban makunninsa, suka ce wayar cikin gida ba aikinsu ba ce. Gidan Takwara ko ampul ɗaya babu.

“Takwara, na ga naka suna rataye ba su aikin komi. Ara mini biyu, kafin naku ya zo.”

Malam ya hau tsani ya kwance na zaure da na makewayi, ya goge su da gefen riga ya miƙa masa.

A biro kuwa, wani ma'aikaci ya buɗe littafi ya ce masa barka, an haɗa masa wuta jiya. Malam ya ce ai ba gidansa aka haɗa ba. Mutumin ya zaro zanen ya shimfiɗa, ya ce zanen nan ya fi duk wanda aka taɓa kawo musu kyau, har sun nuna wa juna hayaƙin injin.

“Ƙofarka shuɗiya ce?”

“Da can.”

“Yanzu hwa?”

“Ja.”

“To, Malam, mu da ƙofa muka yi alkawari.”

Ya ce gyara mai sauƙi ne. Malam zai rubuta ƙara, a tura mota a ciro kontar daga bangon maƙwabcin, shi kuma maƙwabcin ya zo ya yi bayanin yadda aka yi ya sa hannu a kan abin da ba nasa ba. Malam ya ce in ya buɗe sabon dosiye fa? Mutumin ya ce da wane suna, da wace takardar fili? Wannan filin a wurinsu yana da wuta. Ya miƙa masa farar takarda da alƙalami ya ce ya kai a rubuta masa ƙarar.

Farar takardar nan ta kwana uku a aljihunsa. A rana ta huɗu na ga ya auna wuyan riga a kanta ya yanka. Ya ce mini, “Mutumin nan ya fara cin abinci. Kin lura? Jiya malmala biyu ya tashi da ita a majalisa. Ni zan je in ce masa ɗanka bai aiko ba?” Sannan ya ce, “Ni da ke. Ko 'ya'yanki kada su ji.”

Takwara ne da kansa ya kawo maganar jan waya. Ya ce bai dace gidansa da haske gidan ɗan'uwansa da duhu ba, yaron nan ai ɗan Malam ne shi ma. Aka huda katanga aka zuro waya. Malam ya yi godiya har sau uku, da hannu biyu. Ranar fankarmu ta juya karo na farko, ta watso mana ƙurar shekara uku a ido.

Daga nan muka zama baƙi a wutarmu. Takwara ya sa kafinta ya yi wa babban makunnin akwatin katako da kwaɗo, makullin yana ɗaure a lalitarsa. Yana da dokoki, kuma shi kaɗai ya san inda ya samo su. In zai tafi lambu sai ya kashe, wai kontar ya huta, abin da yaro ya sha wuya ya saya ba a barinsa yana gudu wuni guda. In hadari ya taso ko daga can gabas ne, sai ya kashe. Ranar Juma'a daga kiran farko har a sauko, a kashe. Dutsen guga kuwa ya ce ko sunansa kada ya ji, domin ranar da na gwada, makunnin ya faɗi, ya zo ya tsaya a zaurenmu ya yi wa Malam nasiha mai tsawo a kan riƙon amana. Tela da wuta a gidansa, da gawayi muka ci gaba da guga.

Ga kuma kamfani da nasa ɗaukewar, musamman da bazara, lokacin da duk garin ke neman iska. Sai ya zama in fanka ta tsaya ba mu san wanda za mu yi wa tsaki ba. Malam ya kan fito tsakar gida ya ɗaga murya ta kan katanga:

“Takwara! Kai ne ko su ne?”

In su ne, sai a ji, “Su ne, Allah ya shirye su!” In shi ne, sai a ji shiru, can kuma a ce, “Ka yi haƙuri kaɗan, ya ɗan yi zafi na taɓa shi.” Wata rana aka amsa da cewa, “Mu duka ne. Na kashe, kuma sun ɗauke.” Maganar ta bazu a layin. Har yau in mace ta ga miya ta ƙi kauri ta kan ce wa 'yar'uwarta, ke ce ko su ne.

Takwara bai yi boko ba, don haka duk wata in an kawo faktir, takardar kuɗin wuta, gidanmu yake kawowa. Malam ya sa tabarau ya karanta sunansa da sunan ubansa da ƙarfi, Takwara yana gyaɗa kai yana cewa, “Ni ne.” Su raba, kowa ya kawo nasa. Sau ɗaya Takwara ya ce, “Naka dosiyen hwa, har yanzu shiru? Ka cika sanyi, Takwara. Mutanen nan sai da ɗan tsaye.” Malam ya ce zai ƙara matsawa.

Ba zan ce ni na yi haƙuri irin nasa ba. Lokacin da ƙaramar 'yarmu ta zo wankan jego, na aro ƙaramin firji don in riƙa sanyaya mata ruwa da kunu. Ana zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Takwara ya kashe da safe ya tafi Jiratawa da makulli, babur ya mutu masa a hanya, sai gab da magariba ya turo shi ya iso. Jariri ya wuni yana kuka, kunu ya yi tsami. Da wutar ta dawo na ɗauki mayafi ban gaya wa kowa ba, na ce yau sai na faɗa, kowa ya san matsayinsa. Na shiga zaurensu na tarar da Yaya a kan 'yar kujera gaban kontar. Ta goge gilashin da bakin zanenta, tana kallon ɗan jan hasken da ke ƙyaftawa a ciki. Ba ta ji shigowata ba sai da na yi gyaran murya.

Ta ce, “Zo ki gani. In na zauna nan sai in ji hankalina ya kwanta. Wanda ya iya aiko wannan, ai yana cin abinci, ko? Yana da wurin kwana.”

Na ce, “Yana da shi, Yaya.”

“Mi kika zo nema?”

Na ce gishiri.

Shekara shida muka yi a haka. Malam ya kwanta da sanyin shekara ta bakwai, kwana tara, ranar ta goma aka kai shi. Ba zan tsawaita a nan ba. Abin da zan faɗa shi ne, duk kwanakin zaman makoki Takwara bai taɓa makunnin nan ba. Ya cire kwaɗon ya sa a aljihu, bai je lambu ba, ya zauna a tabarmar ƙofar gida yana karɓar gaisuwa kamar shi ne ɗan'uwan. Kamfani ya ɗauke sau biyu. Duk sau biyun ya taso ya tsaya a bakin zaure ya ce a gaya wa matar takwaransa ba shi ba ne.

Bayan arba'in aka zo rabon gado. Ina cikin takaba, don haka a tsakar gidanmu aka zauna, ni a bakin ƙofar ɗaki bayan labule, 'ya'yana biyu a gefena. Ƙanen Malam ya zo daga Tsibiri da wani malami tsoho mai raba gado. Ƙanen nan tsohon ma'aikacin meri ne, ofishin magajin gari, takarda ba ta wuce shi bai karanta ba, kuma tun ina amarya muke wasa da shi. Shi ya buɗe akwatin ƙarfen Malam. A ƙasan akwatin, cikin leda, ya sami takardun biyan kuɗin wuta da kofen zanen nan. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya tashi ya ce zai je ya gaida maƙwabci. Ashe lambar da ke jikin kontar ya je dubawa. Ya dawo hularsa a keya.

“Matar yaya! Kin san abin da na gano? Shekara shida yayana yana roƙon wutar kansa! Yana godiya!”

Na ce, “Rage murya, katangar ba ta da kauri.”

“Au, kin sani?”

“Ni na ba su tsani.”

'Ya'yana suka juyo suna kallona. Dole na faɗa musu, a taƙaice, da ƙaramar murya. Babbar ta toshe baki da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ƙanen Malam bai yi dariya ba. Shi a ganinsa an ci haƙƙin ɗan'uwansa har ya koma ga Allah, kuma gyara ya rage a wuyansa. Ya ce gobe zai kai takardun biro a ciro kontar a kafa a inda aka shafe masa siminti. Ba mugunta ce ta sa shi ba, na sani. Ya ce marayu da gwauruwa ba za su zauna a ƙarƙashin makullin wani ba.

Malamin ya ce a tsaya. Ya ce shi ya raba gona, ya raba raƙumi, ya taɓa raba tantabaru ma, amma bai taɓa raba kontar ba. Ya tambaya, abin na mamaci ne ko na kamfani? Ƙanen ya ce ƙarfen na kamfani ne, amma haƙƙin na wanda ya biya ne, ga takarda. Malamin ya ce to in haƙƙi ne, ya shiga dukiya, ba mai taɓa shi sai an san rabon wa ya faɗa. Aka yi ta ja-in-ja a kan kimarsa, har aka daidaita shi da keken ɗinkin Malam na gida.

Keken nan tun ranar farko na ce wa 'ya'yana shi nake so a cikin tumunina. Baƙi ne, tsoho, fentin wurin da yake dafa hannun hagu ya goge har ƙarfe ya fito. Gidan an riga an yarda in zauna a ciki. Abin da ya rage mini a kayan ɗaki bai isa in ɗauki biyun ba. Malamin ya juyo wajen labule.

“Baiwar Allah, keke ko kontar?”

Na leƙa ta gefen labule. Keken yana nan a rumfa inda ya bar shi, da zare fari a allurar.

Na ce, “Kontar.”

Ƙanen Malam ya ce madalla, gobe da safe zai kai takardun. Na ce a'a, a miƙo mini su nan. Na tambayi malamin, abin da ya faɗa rabona, ina da ikon in ajiye shi inda na ga dama? Ya ce ƙwarai. Na ce to na ajiye shi a bangon Takwara. Na ce kuma maganarsa ma tawa ce, ban yarda ta fita ƙofar nan ba. Malamin ya ce ya zama amana a kan duk wanda ke zaune.

Ƙanen ya yi ta girgiza kai. “Ke da yaya duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Kin ba da keke kin sayi kashe wuta ranar Juma'a.”

Na ce, “Kai dai ɗaure keken da kyau, hanyar Tsibiri akwai ramuka.”

Ya turo ledar ta ƙarƙashin labule. Da yamma aka ɗora keken a amalanke. Ban fito na gani ba, ƙarar ƙafafunsa a kan siminti kawai na ji.

Kwana biyu bayan haka Takwara ya yi sallama a zaure da hantsi. Na tsaya daga ciki muka gaisa. Ya ce ya ji an yi rabo lafiya, Allah ya sa albarka. Ina jin yana juya wani abu a takarda. Sannan ya ce shi da Yaya sun yi shawara. Daga yau in faktir ya zo, ba ruwana da shi. Ya ce wutar ɗansa ce, kuma ya tabbata da yaron yana nan abin da zai ce ke nan.

Na ce, “Baba, ba za a yi haka ba.”

“An yi. Ba da ke nake shawara ba.” Ya tura wani abu ta gefen ƙofa, sabon ampul ne a kwalinsa. “A sa wannan a waje, saman ƙofa. Mace ita kaɗai, bai kamata ƙofarta ta yi duhu ba. Amma a riƙa kashewa da asuba, kada a wahal da kontar.”

Na ce to. Na yi godiya sau uku, yadda na ga ana yi.

Ya ce, “Ki sa yaron nan a addu'a.”

Na ce, “Kullum yana ciki.” Wannan kam gaskiya na faɗa masa.

Da ya tafi na koma madafa, ruwan tuwo ya riga ya tafasa. Na kwance ledar na zaro takardun. Na tsaya kaɗan a kan zanen, don layukan na hannun Malam ne, miƙaƙƙu kamar ɗinkinsa. Sannan na sa su a murhu ɗaya bayan ɗaya, na tura itace a kai, na ɗauko muciya.